Florence Nightingale: Uwar Nas-Nas da Ta Ƙi Yarda a Yi Musu Rajista

A ƙasar Amurka, idan aka kwantar da mutum a asibiti, zai iya ganin mata biyu sanye da kaya iri ɗaya, kowacce ana ce mata nas, amma a wajen doka matsayinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya ita ce nas mai rajista, wadda suke taƙaitawa da RN. Ɗayar kuwa nas ce mai lasisin aikin hannu, wato LPN, wadda karatunta bai kai na waccan tsawo ba, kuma a ƙarƙashin waccan take aiki. Wannan rabe-rabe yana da tushe a wata tsohuwar rigima da aka tafka a Ingila a kan wace ce ta cancanci a kira ta nas. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, matar da duniya ta ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, wato Florence Nightingale, ita ce ta tsaya kai da fata a kan kada a yi wa nas-nas rajista. Kafin ki yanke mata hukunci, bari ki ji ko ita wace ce, da abin da idonta ya gane mata.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, a lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa ma aka raɗa mata sunan garin. Iyayen nata Turawan Ingila ne masu hannu da shuni, gidajensu biyu, ɗaya na zaman bazara, ɗaya na sauran watanni. Mahaifinta William shi da kansa ya karantar da ita da yayarta Parthenope a gida, ya koya musu harsunan Girka da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi. Ita Florence kuwa babu abin da ya kwanta mata a rai kamar lissafi. Ki riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba.

A watan Fabrairun 1837, tana 'yar shekara 16, ta ji a ranta cewa Ubangiji ya kira ta ga wata hidima, kamar yadda ta rubuta a takardunta. Sai bayan wasu shekaru ta gane cewa jinyar marasa lafiya take so. Ranar da ta furta a gida, a 1845, cewa tana son zuwa asibitin garin Salisbury ta koyi aikin, ai kuwa gida ya rikice. Kada ki yi saurin ganin laifin mahaifiyarta. A wancan zamani asibiti wuri ne na talaka tilis wanda ba shi da mai kula da shi a gida, ga ƙazanta, ga wari, su kuma matan da ke jinyar yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba, kuma an yi musu shaidar shan giya. Har marubuci Charles Dickens sai da ya ƙirƙiro wata nas mashayiya mai suna Gamp a ɗaya daga cikin littattafansa, sunan ya zama abin zolaya. To wace uwa ce mai gata za ta so 'yarta ta shiga cikin irin waɗannan?

Haka ta zauna shekara da shekaru tana karanta rahotannin asibitoci a ɓoye. Wani mawaƙi kuma ɗan majalisa, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, kuma tana son sa, amma a 1849 ta ba shi haƙuri, domin a ganinta zaman matar babban mutum a Ingilar wancan lokaci, da karɓar baƙi da liyafa ba dare ba rana, ba zai bar ta ta yi abin da ta sa a gaba ba. Ba ta yi aure ba har ta mutu. A 1851 ta samu ta je Kaiserswerth a Jamus, inda wani fasto mai suna Theodor Fliedner yake horar da mata aikin kula da marasa lafiya, ta yi 'yan watanni. Iyakar karatun jinyar da za a ce ta yi a tsare ke nan, sai ɗan zagayen asibitoci da ta yi a Faris. Kin ga ke nan, da a yau ne, ko takardar LPN ba za a ba ta ba. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 duk shekara, ta samu 'yancin kanta, ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan.

Ana nan sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke, tsakanin Rasha a gefe guda, da Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Ingila da Faransa a ɗaya gefen. Jaridar Times ta rinƙa buga labarin yadda sojojin Ingila da suka ji rauni suke mutuwa a wulaƙance babu mai kula da su. Ministan da ke kula da harkar kuɗin soja, Sidney Herbert, wanda dama sun san juna, ya roƙe ta ta tafi da mata. Ranar 21 ga Oktoba, 1854, ta tashi da mata 38, wasu 'yan ɗariƙun coci ne, wasu kuma matan da suka saba aiki a asibitocin Landan. A farkon Nuwamba suka sauka a Scutari, unguwar da yau ake kira Uskudar a birnin Istanbul, inda aka mai da wani ƙaton barikin sojan Turkiyya asibiti.

Abin da suka tarar ba ya faɗuwa. Marasa lafiya jere a ƙasa, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, babu sabulu, babu tawul, babu rigunan canji, ginin kuma a kan toshassun magudanun bahaya yake zaune, warin yana tasowa cikin ɗakunan. Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Nan ta nuna wayonta, domin ta hana matanta taɓa kowane majinyaci sai likita ya nema, suka zauna suna ɗinke-ɗinke, har sai da aka kwararo raunanan yaƙin Inkerman, aiki ya fi ƙarfin likitocin, suka nemi taimako da bakinsu. Da kuɗin da masu karanta Times suka tara ta sayo burushin goge ƙasa da riguna da kwanuka, ta kama haya ta buɗe gidan wanki ta ɗauki matan sojoji aiki, ta gyara girkin marasa lafiya, ta rinƙa rubuta wa iyalan mamata wasiƙa. Da daddare ba ta barin matanta su shiga ɗakunan maza, ita ce take zagayawa riƙe da fitilar Turkawa mai naɗewa. Daga nan sunan Mai Fitila ya samo asali.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da littattafan yara ba su cika faɗa ba. A hunturun farko sojoji 4,077 ne suka mutu a wurin, kuma waɗanda kwalara da atuni da taifot da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe kusan sau goma. Mace-macen ba su sauka sosai ba sai bayan da gwamnati ta turo kwamitin tsafta a watan Maris na 1855, aka wanke magudanun, aka buɗe wa iska hanya, aka gyara ruwan sha. A cikin 'yan watanni mutuwa ta sauko daga kimanin kashi 42 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 2. Bayan ta koma gida a 1856, da munduwar lu'ulu'u da Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulmajid ya ba ta kyauta, da kuma wani zazzaɓi da ta kwaso wanda ya kwantar da ita shekaru masu yawa, sai ta zauna da wani masanin ƙididdiga, William Farr, suka bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Ta zana su a wani da'irar zane mai launi wanda ko ɗan majalisar da ba ya son lissafi zai gane cewa ƙazanta ce ta ƙarar da rundunar. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa a cikinta.

Akwai kuma darasi na biyu da ta kwaso daga Scutari, kuma shi ya fi shafar zancenmu. Daga cikin matan da ta tafi da su, sai da ta mai da wasu gida, wasu saboda giya, wasu saboda rashin iya aiki, wasu saboda rashin bin doka. Ta ga mace mai iya ɗaure rauni amma ba a iya barin ta da kwalbar barasar majinyaci, ta kuma ga mace mai tsoron Allah wadda ba ta san yadda ake juya mara lafiya a gado ba. Tun daga nan ta ƙudurta cewa nas sai ta haɗa biyun, kuma hali ne a gaba.

Jama'ar Ingila sun tara mata kusan fam 45,000 don nuna godiya. Da wannan kuɗi aka buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, da ɗalibai 15, a ƙarƙashin shugabar nas-nas ɗin asibitin, Sarah Wardroper. Horon na shekara ɗaya ne, kuma yawancinsa a bakin gadon majinyaci ake yin sa. Duk wata ana cike wa kowace ɗaliba takarda mai ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya na aiki ne, wato wankin ciwo, gyaran gado, girkin mara lafiya, da lura da alamomin cuta. Ɗayan na hali ne: shin tana shan giya, tana faɗin gaskiya, tana zuwa a kan lokaci, tana da natsuwa, tana da tsafta, za a iya ba ta amana? Florence tana kwance a ɗakinta ake kawo mata takardun nan tana dubawa, daga baya ma har kiran ɗaliban take yi ɗaya bayan ɗaya ta zanta da su. Makarantar tana nan har yau a cikin jami'ar King's College ta Landan, kuma ita ce Kofoworola Abeni Pratt ta shiga a 1946, wadda ta zama shugabar nas-nas a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, sannan babbar jami'ar jinya ta tarayyar Nijeriya a 1965.

Tun a cikin makarantar tata aka fara samun hawa biyu. Akwai 'ya'yan talakawa waɗanda ake ba su abinci da wurin kwana da fam 10 a shekarar horo, su ne za su yi aikin yau da kullum. Daga wajen 1867 kuma aka fara ɗaukar 'ya'yan masu hali da suka yi karatu, waɗanda su ne suke biyan kuɗi, ana shirya su domin shugabancin asibitoci. Ta kuma ga abin da ke faruwa idan aka ce kowa ma zai iya jinya. A 1865 aka tura ɗalibarta Agnes Jones da nas-nas 12 zuwa asibitin gidan gajiyayyu na Libaful, inda majinyata suka haura dubu. Aka gwada ɗaukar matan gidan masu ɗan ƙarfi a matsayin mataimaka ana ba su ɗan albashi, abin bai yi ba, domin da yawansu ranar albashi a giya kuɗin yake ƙarewa. Ita Agnes, Allah sarki, aikin ne ya ci ta, zazzaɓin ƙwarƙwata ya kashe ta a 1868 tana da shekara 35.

Wani abin da ya kamata ke matar gida ki sani shi ne, shahararren littafinta, Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ba don nas-nas ɗin asibiti ta rubuta shi ba. Ta rubuta shi ne domin uwa da 'ya da mai aikin gida, saboda a ganinta kusan kowace mace watarana sai jinyar wani ta hau kanta. A ciki ta yi magana a kan buɗe taga, da tsaftar shimfiɗa, da hasken rana, da rage surutu a kan mara lafiya, da masu zuwa dubiya suna cika shi da shawarwarin da ba a tambaye su ba. Wannan na ƙarshen kam kamar da mu take.

To yanzu mu zo kan rigimar. Wata mata mai suna Ethel Manson ta zama shugabar nas-nas a asibitin St Bartholomew a 1881 tana 'yar shekara 24 kacal. A 1887 ta auri wani likita, Bedford Fenwick, ta ajiye aiki, a shekarar kuma ta kafa ƙungiyar nas-nas ta Birtaniya, da Gimbiya Helena, 'yar Sarauniya Biktoriya, a matsayin shugaba. Buƙatarta a fili take. Kamar yadda likitoci suke da rajista tun 1858, haka nas-nas ma a yi musu: horo na shekara uku, jarrabawa iri ɗaya, sannan a rubuta sunan mace a littafin hukuma, wadda babu sunanta kuma kada ta kira kanta ƙwararriyar nas. Hujjarta mai ƙarfi ce. A lokacin masu kuɗi a gida ake jinyarsu, kuma kowace mace za ta iya sayen hula da riga ta ce ita nas ce, ko da wata biyu ta yi a wani asibiti aka kore ta. Ta yaya maigida zai bambance?

Florence ta ce sam. Dalilinta na farko shi ne jarrabawa tana auna abin da mace ta haddace ne, ba ta auna haƙuri ko amana ko tausayi, kuma wanda zai iya ba da shaidar waɗannan shi ne shugabar da ta zauna da ɗalibar ta ga aikinta dare da rana. Na biyu, rajista tana nuna yadda mace take ne a ranar da ta ci jarrabawa, alhali bayan shekara biyar tana iya lalacewa ko ilminta ya tsufa, sunanta kuma yana nan daram a littafi. Na uku, wanda ni a ganina ya fi sauran nauyi, ta ji tsoron cewa jarrabawar rubutu za ta kori 'ya'yan talakawa masu hannun jinya waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, a bar fagen ga 'ya'yan masu hali. Ta kuma ga cewa aikin bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, a bari sai nan da wasu shekaru masu yawa. Daga kan gadonta ta haɗa kan shugabannin manyan asibitoci suka kai ƙorafi. Da ƙungiyar Fenwick ta samu takardar amincewar sarauta a 1893, sai aka cire kalmar rajista aka ce jerin sunaye kawai za ta ajiye.

Idan kin tambaye ni, kowacce tana da gaskiyarta, amma a kan kare jama'a Fenwick ta fi hango nesa. Shaidar shugaba tana aiki ne a lokacin da makarantu ba su da yawa kuma kowa ya san kowa. Da nas-nas suka kai dubbai, wasu suna tafiya ƙasashen waje, wa zai bi kowacce ya tambayo halinta? Wasu ƙasashen ma ba su jira Ingila ba. New Zealand ta yi dokar rajista a 1901, jihar North Carolina ta Amurka ta bi a 1903.

Florence ba ta ga ƙarshen lamarin a ƙasarta ba. Idonta ya tafi a ƙarshen rayuwarta, tunaninta ma ya raunana. A 1907 aka ba ta lambar girmamawa ta Order of Merit, mace ta farko da ta samu. Ta rasu a cikin barcinta ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90, aka binne ta kusa da iyayenta a ƙauyen East Wellow, bayan danginta sun ƙi tayin a kai ta makabartar manyan ƙasa ta Westminster. Shekara tara bayan haka, a Disambar 1919, majalisa ta zartar da dokar rajistar nas-nas, kuma lamba ta ɗaya a littafin Ethel Fenwick ce ta karɓe ta.

Sai dai ba a je ko'ina ba tsoron Florence na uku ya bayyana. Masu rajista ba su isa ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitocin tsofaffi da na masu doguwar jinya suka ci gaba da dogara da matan da ba su da takarda. Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta ƙarancin, a 1943 Ingila ta buɗe littafi na biyu domin nas mataimakiya mai horon shekara biyu, Fenwick tana tsohuwa tukuf tana ta yaƙar abin a mujallarta. A Amurka kuwa tun 1892 aka buɗe makarantar Ballard a New York, mai kwas na wata uku, domin koya wa mata jinyar gida, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 jihohi sun yi dokokin ba irin waɗannan mata lasisi. Asalin LPN ke nan.

Yadda abin yake a can yanzu, LPN tana yin karatu na kimanin shekara ɗaya, ta rubuta jarrabawar lasisinta. RN kuwa tana yin shekara biyu zuwa uku, ko digiri na shekara huɗu, jarrabawarta ma daban ce. LPN ita ce za ki fi gani a bakin gado, tana auna zafin jiki da bugun jini, tana wanke ciwo, tana sa robar fitsari, tana yi wa majinyaci wanka, tana ba shi yawancin magungunan da likita ya rubuta, kuma duk abin da ta lura da shi sai ta kai rahoto ga RN ko likita. RN ita ce ke da alhakin duba majinyaci tun daga shigowarsa, ta tsara yadda jinyarsa za ta tafi, ta rarraba aiki, ta yanke shawarar lokacin da za a kira likita. Abubuwa masu haɗari kamar ƙarin jini da wasu alluran jijiya galibi a hannunta suke, kodayake kowace jiha da iyakar da ta shata. Albashin RN ya fi, ita ce kuma aka fi samu a ɗakin tiyata da sashen masu tsananin ciwo, yayin da LPN ta fi yawa a gidajen kula da tsofaffi da jinyar gida. A jihohin Kalifoniya da Texas LVN suke ce mata. Ƙofa kuma a buɗe take, domin akwai kwasa-kwasan da LPN za ta yi ta haye zuwa RN tana cikin aikinta. Game da ƙorafin Florence na biyu kuwa, yanzu lasisin duka biyun sabunta shi ake yi lokaci-lokaci, kuma jihohi da yawa sai nas ta nuna ta ƙaro ilmi kafin a sabunta mata.

Ita kuwa Ingila, daga ƙarshen shekarun 1980 ta fara rufe horon hawa na biyun, ta mai da karatun jinya manyan makarantu, daga baya ma ta ce sabuwar nas sai mai digiri. Giɓin ya sake buɗewa tsakanin mai digiri da mataimakan da ba su da rajista. A watan Janairun 2019 hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasar ta sake buɗe wani sashe a littafinta domin sabon hawa mai horon shekara biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara shiga, mutane ne da suka daɗe suna wanka da juyi da gyaran gadon majinyata a asibiti ba tare da sunansu yana cikin kowane littafi ba.